Kitson da Aka Bari Gefe Ɗaya

Ranar Juma'a

Baban Ɗigo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya. Ga Ɗigo nan na haɗa ta da ƙanena direba ya kawo maka. Tun da ni da kai muka gane waya ba ta haɗa mu da alheri, gara mu ci gaba da rubutu. Ko ba komai takarda ba ta katse mutum yana tsakiyar magana.

Wannan ne karon farko da za ta kwana a wajenka tun rabuwarmu, kuma ka san ba da son raina ba ne, naci ka yi har na gaji. Gwaji ne. In ta dawo mini lafiya ranar Lahadi, sai mu mai da shi kowane ƙarshen mako. In na ga abin da bai yi mini ba, kada ma ka ɓata tawadarka.

Kada ka bar ta ita kaɗai. Kada ta shiga shagonka ba takalmi, na san yadda ƙusoshin kujerunka suke kwana a ƙasa. Kuma ban yarda wata mace ta raini 'yata a bayan idona ba, ko wace ce ita a wajenka. Kai ka ce kana son ta, to kai za ka yi wahalarta.

Kitsonta ya tsufa. Gobe ka tsefe mata, ka wanke, ka shafa man da ke cikin jaka, ka ɗaure da ɗankwali. Iyakar aikinka ke nan. Kada ka yi karambanin kitsawa, ni zan yi in ta dawo. Akwai tsinken tsifa da mataji a ƙaramin aljihu.

Ba ta shan shayi da zafi, kuma in ta ce ta ƙoshi ƙarya take yi.

Ka huta lafiya.
Maman Ɗigo


Ranar Lahadi

Maman Ɗigo,

Wa alaikumus salam, tare da gaisuwar wanda aka ba amana ya mayar da ita cif. Ki duba ta sama da ƙasa, ba ƙusa, ba ƙwarzane. Sai dai ta ƙara nauyi, wannan kuwa laifin ƙwai ne.

A tsaye na karanta dokokinki, kamar sabon ɗan sanda. Amma ban da wasa, na gode. Rabon da in ji gidan nan ya zama gida tun kafin rasuwar Inna.

Tana sauka ta shiga bincike. Ta buɗe kowace durowa, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta tambaye ni me ya sa kujerun shagona duk hanjinsu a waje yake. Na ce marasa lafiya ne, ni ne likitansu. Sai ta ɗauki guntun soso ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu sannu. Daga nan ta zaɓi ɗakin ciki, wanda Inna take kwana da, ta ce nan ne nata saboda ya fi sanyi. Ni kuma na yi shimfiɗa a bakin ƙofa, na zama maigadi.

Yanzu maganar kai. Na nemi tsinken da kika ce na rasa, sai na ɗauko basillata ta ɗinkin kushin na wanke ta da sabulu. Kada ki yi ihu, da gindinta na yi aiki. Tun hantsi muke abu ɗaya. Ina tsifa tana ba ni labarin 'yan ajinsu, wa ya ciji wa, wa ya yi fitsari a wando. Wajen wanki kumfa ta shiga ido, aka yi kuka, aka ce za a kai ƙarata wajenki. Da gashin ya bushe sai ya tashi ya cika kamar katifar da ta fashe. Na sa mataji, mataji ya bar haƙoransa a ciki. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Baba, kai kujera kawai ka iya." Ban musa ba.

Bayan azahar wani mai gidan abinci ya kawo kujeru a mota. Na zaunar da ita a ɗakin ciki da 'yar tsanarta da wayata, na bar ƙofar da ke tsakanin shago da cikin gida a buɗe. Ina jin muryarta tana ta surutu, don haka kada ki ce na bar ta ita kaɗai. Da mutumin ya tafi na koma, sai na tarar an kitse mata gefe ɗaya na kai, tsaf, har yana sheƙi.

Na ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Ta ce, "Mai kitso."

"Ina take?"

"Ta ce hannunta ya gaji. Sai na dawo za ta ƙarasa."

Ina jin matar mai burodi ce, maƙwabciyata. Tana shigowa ta ƙofar baya ta ɗebi ruwa in nasu ya ɗauke. Wataƙila ta ga aikin da na yi wa kan yarinyar ne tausayi ya kama ta. Dattijuwa ce mai jikoki, kada ranki ya ɓaci.

Yau da safe mun soya ƙwai, ita ta fasa, rabi a kasko rabi a ƙasa. Ta yi mini alkawarin in ta girma za ta saya mini gashi in rufe sanƙona.

Ina jiran Juma'a tun yanzu.
Baban Ɗigo


Ranar Talata

Baban Ɗigo,

Sallama a gare ka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Na ba ƙanena sabulu ya kai wa matar mai burodi, don ni ba a yi wa 'yata alheri in yi shiru. Mijinta ya ce tun watan jiya ta tafi jinyar mahaifiyarta, ba ta dawo ba. To wa ya shiga gidanka?

Ni ba yarinya ba ce. Ka yi aure, ka yi zance, ba ruwana, mun riga mun wuce nan. Amma abu ɗaya na roƙe ka, ka karya shi a rana ta biyu, sannan ka jingina shi ga tsohuwar da ba ta gari. Ƙaryar ta fi yi mini ciwo.

Ko wace ce, ta iya, wannan ba zan hana ta ba. Shekara da shekaru ina kitso ban taɓa ganin irin hannun nan ba. Bahaguwa ce. Daga ƙeya take ɗauko tsaga ta hauro goshi, kowane sili ta murɗa shi hagu, ta cusa jelar a ƙarƙashin na kusa da shi har ka rasa inda ya ƙare. Ya ɗaure tamau, amma Ɗigo ta ce ko kaɗan bai yi mata zafi ba, ita da nake bi da bulala kafin ta zauna. Man da aka shafa ma ba nawa ba ne. Wani irin wari yake na tsohon akwati, na wanke ya ƙi fita. Kuma gefen nan kullum sanyi ƙalau yake, ko daga rana ta shigo.

Na zo in ƙarasa, ta yi ihu. Na zo in tsefe, ta kwanta a ƙasa tana birgima, wai an ce kada kowa ya taɓa. Haka take zuwa makaranta da ɗankwali kamar wata tsohuwa.

Ba za ta zo Juma'ar nan ba. Ka faɗa mini sunan matar da inda take, sannan mu san abin da ake ciki.

Maman Ɗigo


Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maigidanki da yara. Yaya ƙafar? Da kunnenki yana jin waya da na kira, don maganar nan ba ta son jira. Na ba direban motar safe ya kawo miki, ki taimaka ki ba shi amsa in zai juyo.

Ɗigo ta kwana biyu a wajena, karon farko tun rabuwarmu da uwarta. Kin san irin wahalar da na sha kafin a yarda. Yanzu ga shi za a ƙwace, a kan abin da ban san kansa ba.

Ranar Asabar bayan azahar ina shago da mai kujeru, ita tana ɗakin Inna. Da na koma na tarar an kitse mata gefe ɗaya. Na rubuta wa uwarta cewa maƙwabciya ce, ashe matar ba ta gari. Yanzu tana zargin mace nake ɓoyewa. Wallahi Yaya da macen ce da na fi samun barci.

Ga abin da ban gaya mata ba. Ƙofar baya a sakace take ta ciki. Ni na saka sakatar da hannuna tun ranar Juma'a don kada yarinyar ta fita, kuma haka na same ta. Ƙofar gaba kuwa ta cikin shagona take, kaza ba za ta wuce ban gani ba. Na san haka tun lokacin da nake rubuta sunan matar mai burodi. Zuciyata ce ta nemi wanda za ta ɗora wa, don in samu in numfasa.

Ina aiki ina jin surutunta. Sai daga baya na lura ba irin surutun yaro da 'yar tsana ba ne. Takan yi magana, ta yi shiru, ta ce "to", ta yi dariya. Sau ɗaya na ji kamar an ce "zauna daidai", can ƙasa-ƙasa. Na ɗauka daga waya ne. Da na ɗauki wayar, a mace take, ba caji.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda na same ta. Tana zaune a ƙasa gaban 'yar kujerar Inna ta tsuguno, ta ba kujerar baya, ta karkatar da kai gefe. Kin san yadda yarinya ke ɗora kai a gwiwar mai kitso. Haka kanta yake, a sake, duk nauyinsa a kwance, amma ba a kan komai ba. Da na yi magana sai kan ya faɗo kaɗan, kamar an janye abin da ya tokare shi.

Uwarta ta ce hannun bahaguwa ne, daga ƙeya take haurowa, tana cusa jela a ƙarƙashin sili. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta taɓa kan kowa ba, ke ma wajen mutane take tura ki. Amma na tuna da hagu take riƙe wuƙa.

Ki gaya mini abin da kika sani, ko ba daɗi. Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Ƙaninki,
Dogo


Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same ni lafiya, ƙafa da sauƙi, mutanen gida suna amsawa. Na karanta, na ajiye, na yi alwala, na sake karantawa. Shi ya sa direban ya juya ba amsa.

Hannun Inna ne. Babu mai cusa jela haka sai ita. Kafin ka yi wayo, layi ake yi a ƙofar gidanmu saboda kitsonta.

Ka tuna Auta, ƙanwarmu, ko da kaɗan ne. Kai ka san zazzaɓi ne ya ɗauke ta, don da ciwon ya tsananta gidan Kawu aka kai ka. Ga abin da ba ka sani ba. Ranar da abin ya fara, Inna tana yi mata kitso ne a ɗakin nan, a kan kujerar nan, saboda washegari za su yi tafiya su biyu wajen dangin Inna. Auta tana ta mutsu-mutsu don murna, Inna tana ce mata, "Zauna daidai, ina ƙarasa miki sai mu tafi." Ta gama gefe ɗaya sai ta ji kan yarinyar ya yi zafi a gwiwarta. Ta ce a bari sai ta ji sauƙi. Ba ta ji ba. Da kitson gefe ɗaya aka rufe ta. Ni na ce a tsefe, Inna ta riƙe hannuna ta ce a bar mata, aikinta ne.

Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa kan kowa ba. Shekarun Auta a lokacin su ne na Ɗigo yanzu, kuma ka san duk wanda ya ga goshin Ɗigo ya ga namu.

Sauran maganar ita ce mai nauyi. A ciwonta na ƙarshe, lokacin da ta daina gane mu, ni nake kwana da ita. Yatsunta ba sa hutawa, kullum suna murɗa bakin bargo. In na ce ta huta sai ta ce, "Saura gefe ɗaya. Ina ƙarasa mata sai mu tafi." Har ranar da ta cika maganarta ke nan.

Dogo, ni ba malama ba ce. Ban san me ke cikin ɗakin nan ba, kuma ba zan ɗora wa uwarmu mugunta ba, don ba ta taɓa nufin yaro da sharri ba. Son 'yarta ne kawai bai bar ta ta huta ba. Amma ka ji abin da ta ce za a yi in an ƙarasa.

Ka yi mata addu'a, ka yi sadaka da niyyarta, ni ma zan yi. Amma kada a ƙarasa kitson nan. Na san me yarinyar nan take a wajenka. Shi ya sa na faɗa maka.

Allah ya tsare mana ita.
Yayarka


Ranar Talata

Baban Ɗigo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Shirun da ka yi ya dame ni, ban saba ka bar magana a ƙasa ba.

Na yi maka zargi, kuma ina ganin na yi sauri. Jiya ina yanke wa Ɗigo farce na lallaɓa ta da tambaya. Ta ce tsohuwa ce tukuf, ba ta da haƙora a gaba, hannunta sanyi. To na san dai ba irin wadda nake tunani ba ce. Wata baiwar Allah ce a unguwar ta ga ƙofa ta shigo, kai kuma kana can kana fama da guduma. Laifinka sakaci ne, shi kuwa tun da na san ka da shi na san ka. Tsohuwar ma da alama ta fara ruɗewa, wai Auta take kiran yarinyar. Ɗigo ta ce mata ba sunanta ke nan ba, tsohuwar ta ce ta yi shiru ta zauna daidai. Har ta yi mata alkawarin in an gama za su je unguwa. Ka gaya mata ban da yawo da 'yar mutane.

Gaskiya yarinyar nan ta rame. Tun Juma'ar da ta wuce da ba a kawo ta ba take bin ƙofa da ido. Ba ta cin abinci sai na ce Baba zai ji. Da kanta ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin gado. Rabon da in ga ta ɗoki wani abu haka na manta, kuma na san kai ne ka jawo, da ƙwanka da kujerunka marasa lafiya. Ba zan zama ni ce na raba ku ba.

Zan aiko ta Juma'a. Hutun makaranta ya zo, in kana so ta yi mako guda. Ka nemo tsohuwar ta ƙarasa abin da ta fara, na gaji da ɗankwalin nan. Na sa mata sabulun a jaka.

Ka huta lafiya. Ka riƙa cin abinci, ƙanena ya ce ka zabge.
Maman Ɗigo


Ranar Laraba

Maman Ɗigo,

Wa alaikumus salam. Takardarki ita ce wadda na daɗe ina roƙon Allah in samu. Na gode, har zuciyata.

Kada ki aiko ta.

Ki tsefe kitson nan yau, ko za ta yi kukan jini. In ya ƙi tsefuwa ki sa almakashi. Ga takardar Yaya na haɗo miki, ki karanta kina zaune.

Na yi niyyar in rufe gidan in kama ɗaki a wani wuri, sai ta riƙa zuwa can. Amma jiya a ɗaya ƙarshen gari na yi aiki, a falon wasu mutane, ina sa wa doguwar kujera geza, zaren adon nan da ke lilo a ƙasanta. Na fita cin abinci na kulle falon, makulli yana aljihuna. Da na dawo na tarar an kitse zaren gezar, an murɗa hagu, an cusa jela. Daga wannan hannun kujerar zuwa tsakiya. Sauran an bar shi a sake.

Ba gidan take bi ba, ni take bi, don ta san ta wajena yarinyar take zuwa. Saboda haka ni ma ba zan zo ba, ko ƙofar makaranta. Ban san har yaushe ba.

In mutane sun tambaya ki faɗi duk abin da ya fi miki sauƙi, ba zan musa ba. In ita ta tambaya, ki ce aiki ne ya yi wa Baba yawa, kuma bai yi fushi da ita ba.

Kada ki ce mata ana jiranta.

Baban Ɗigo